Cocin Laka da Butar Baƙo

Wanda ya taso daga Kano ya bi hanyar Gwarzo, tafiyar kimanin kilomita 70, masallatai zai yi ta gani a bakin titi, wasu da hasumiya, wasu kuwa rumfa ce kawai da jerin duwatsu. Da wuya ya ga coci. Idan ya koma gida ya ce yammacin Kano babu Kirista sai baƙi 'yan kasuwa, ba za mu ce ƙarya ya shirya ba, iyakar abin da kwalta ta nuna masa ke nan. Cocin wannan yanki ba a bakin kwalta yake ba. Sai mutum ya sauka, ya hau acaɓa, ya bi burtali tsakanin gonakin dawa da masara, kafin ya hango wani dogon ɗaki mai rufin kwano da ɗan gicciye a goshinsa, ga darbejiya a ƙofa.

Mu da muke wannan rubutu Musulmi ne, 'yan ƙasar Kutama. Masu waɗannan ɗakunan ibada kuwa maƙwabtanmu ne, Hausawa irinmu, waɗanda kakanninsu Maguzawa ne. A cikin zuriyar Maguzawan nan wasu sun musulunta, wasu sun bi addinin Kirista, har ta kai a gida ɗaya a sami wa yana zuwa masallaci, ƙane yana zuwa coci. Kasuwarmu ɗaya da su, likitan dabbobinmu ɗaya, ranar da fari ya zo kuwa ba ya tambayar gonar wane ce. Ɗaurin aure da gaisuwar mutuwa su ne suke kai mu harabar cocinsu, wani lokaci har ciki. Abin da muka gani a can shi ne muke so mu faɗa, don mun lura masu ba da labarin wuraren nan a waya yawanci ba su taɓa taka ƙofarsu ba.

Tsohon cocin ƙauye da gayya aka gina shi. Bayan an kawar da amfanin gona, maza su haƙo jar ƙasa a kududdufi, a zuba mata ruwa da yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Sannan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana ya bushe. Mata da 'yan mata su ne masu ɗebo ruwa, su ne kuma masu daɓe in an gama, suna buga madaɓi suna waƙa har ƙasan ɗakin ya yi santsi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a irin wannan gini babu wanda bai san inda hannunsa ya taɓa ba. Wani dattijo ya taɓa nuna mana wata kusurwa ya ce, “Nan ni da marigayi yayana muka ɗora.” Bai ce komai ba bayan haka, sai dai ya shafa bangon.

Cikin ɗakin babu tarkace. Bencina ne a jere, a tsofaffin wurare ma na laka ne da aka gina haɗe da daɓen, maza a gefe ɗaya, mata a ɗaya gefen, yara a gaba inda idon manya zai kai gare su. Can gaba akwai ɗan tudu da teburi, an rufe shi da farin ƙyalle wanda matan zumunta suka yi wa ado da zare. A cocin ECWA ba za ka ga hoto ko mutum-mutumi ba, sai gicciye na itace biyu da kafinta ya haɗa, da allon da ake rubuta lambobin waƙoƙin ranar. Tagogin ƙanana ne masu marfin katako. Da hantsi, idan aka buɗe su, rana takan shigo a tsaye kamar an jingina sanduna, ƙura tana yawo a cikinta, sauran ɗakin kuwa da duhu-duhu da sanyi. Kaurin bangon laka ne yake riƙe sanyin dare har azahar, abin da bulo ba ya iyawa. A waje, ƙararrawarsu sau da yawa tsohon ƙarfen ƙafar babbar mota ne da aka rataye a reshen bishiya. Yaro ya ɗauki guntun ƙarfe ya buga, a ji har unguwa ta uku.

Abin da ya fi kama mana ido shi ne ginin bai yi mana baƙunta ba. Indararon da ke zubar da ruwan sama irin na soron gidanmu ne. Yaɓen bangon, da shatin yatsu a jikinsa, irin na tsohon masallacin unguwarmu ne. Dalilin a fili yake: sau da yawa magini ɗaya ne. Maginin da ya ɗaure azarar masallaci shi ake kira ya duba ta coci, ya karɓi ladansa, in azahar ta yi ya koma gindin bishiya ya yi sallarsa.

Wanda yake son ganin inda wannan haɗuwa ta kai maƙura, sai ya je Wusasa, a gefen Zariya. Mun je, kuma gani ya kori ji. Cocin St. Bartholomew da ke can an gina shi ne lokacin da mishan ɗin CMS ta bar cikin birnin Zariya ta koma Wusasa a 1929, kuma da laka da azara maginan Hausa suka gina shi. Kana shiga sai ka ga bakan gizo a jere, ɗaya bayan ɗaya, sun taso daga bango sun haɗu a sama kamar haƙarƙari. Duk wanda ya san gini ya san wahalar wannan aiki. Azara, wato tsagin giginya, gara ba ta cin ta, amma ba ta iya ɗaukar nauyin rufin laka in tazarar ta yi faɗi. Dabarar magina ita ce su dasa azara a cikin bango ta ɗan leƙo, su ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa, a ɗaure da igiya, a yaɓe da laka, a bari ta bushe, sannan a ci gaba. Haka ake yi daga ɓangarori biyu har su gamu a tsakiya. Ba a gaggawa, don in aka ɗora sabo a kan ɗanye, duka zai sauko.

Wannan ita ce fasahar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da ita a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Kusan shekara ɗari ke tsakanin ginin biyu, tafiyar da ke tsakaninsu kuwa ba ta da nisa. Wanda ya tsaya ƙarƙashin bakan gizon masallacin, ya zo ya tsaya ƙarƙashin na Wusasa, zai gane hannun gida ɗaya ne, ko da yake abin da ake faɗa a cikinsu ya bambanta. A inuwar wannan cocin laka aka yi renon mutanen da Arewa ta san sunansu: Dakta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon, wanda a Wusasa ya tashi ya yi firamare.

Hanyar da addinin ya bi kafin ya iso ƙauyukanmu doguwa ce. A 1900 Bishop Tugwell da tawagarsa, ciki har da Dakta Walter Miller, suka isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Bayan Turawa sun ci ƙasar, su da kansu suka taƙaita wa 'yan mishan shiga masarautun Musulmi, saboda alkawarin da suka yi wa sarakuna cewa ba za su taɓa addini ba. Miller ya sami zama a Zariya daga 1905, kuma yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932. Ƙofar ƙasar Kano kuwa ta hanyar magani ta buɗe. A shekarun 1930 aka damƙa wa mishan ɗin SIM kula da masu cutar kuturta a wurare irin su Yadakunya, sannan a 1943 suka buɗe asibitin ido a Kano, wanda har gobe iyayenmu suke zuwa a cire musu yanar ido. Daga SIM ɗin nan ECWA ta fito a 1954. Masu bishara Hausawa, a kan keke, su ne suka riƙa shiga gidajen Maguzawa da ɗan akwatin magani da littafin koyon karatu. Yau Anglika suna da dayosis a Bari, cikin ƙaramar hukumar Rogo, kuma a 2023 aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishop na farko na dayosis ɗin Katolika na Katsina. Daga Gwarzo zuwa Malumfashi, ta Dayi, tafiya ce ta ɗan lokaci. Duk wannan a ƙofar gidanmu ya faru.

Duniya tana da majami'u da ake tafiya takanas don kallo. A Lalibela ta ƙasar Habasha akwai guda 11 da aka sassaƙa daga cikin dutse, daga sama zuwa ƙasa, shekaru wajen 800 da suka wuce. A Yamusukuro ta Kwaddibuwa akwai wadda aka keɓe a 1990, tsayinta ya kai mita 158. Mun ga hotunansu a waya, mun jinjina. Amma ɗakin da mutanen unguwa suka gina da ƙasar kududdufinsu yana da wani kyau da kuɗi ba sa sayowa: girmansa daidai da masu shi. In mutum ɗaya bai zo ba ranar Lahadi, gurbinsa a benci zai nuna, kuma kafin la'asar wani ya je ya duba lafiyarsa.

Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, in ji Hausawa, kuma a nan ne maƙwabtanmu suka fi ba mu mamaki. Ranar ɗaurin aure, tun daga bakin hanya za ka tarar da dattijon ikilisiya yana jiran baƙi. Da ya hango hulunanmu sai ya taho da hannu biyu.

“Maraba da 'ya'yana. Kun sha hanya. Yaya Malam, yaya ƙarfin jikinsa?”

“Da sauƙi, Baba. Ya ce a gaishe ku, a yi muku Allah sa alheri.”

“Madalla. Ku zo ga inuwa. Wanda zai shiga ciki ga wuri an tanada, wanda zai zauna a nan ma daidai ne.”

Wannan magana ta ƙarshe ita ce gaba ɗayan ladabin. Sun san a cikinmu akwai wanda zai shiga ya zauna a bencin baya, akwai kuma wanda zuciyarsa ba ta ba shi ya tsallake dokin ƙofar ba. Ba a tsare kowa da ido, ba a tambayar dalili. Na waje a shimfiɗa masa tabarma a gindin bishiya, a kawo masa ruwa a kwanon sha mai murfi, yana jin komai ta taga. Na ciki kuwa, idan mai sanarwa ya ce baƙi su miƙe a gan su, sai ya ji an ambaci garinsu, an ce “'yan'uwanmu Musulmi da suka zo taya mu murna”, jama'a su juyo suna tafi. Matan zumunta, sanye da atamfa iri ɗaya, su tashi da tulunsu da caki, muryoyinsu su cika ɗakin har kwanon rufi ya amsa. Salon waƙar irin na daɓe da niƙa ne, wanda iyayenmu mata suka sani.

Kunnen Bahaushe Musulmi yakan yi wani iri a wannan wuri, don kusan duk kalmomin ya san su. Allah, Ubangiji, addu'a, sujada, zunubi, gafara, tuba, albarka, mala'iku, annabawa. Mu da su daga rijiya ɗaya muke ɗiban kalmomin ibada. Amma ba za mu yaudari mai karatu ba: bambancin yana nan, kuma babba ne. Abin da suka gaskata game da Annabi Isa, alaihissalam, ba shi muka gaskata ba. Akwai addu'ar da idan suka yi mukan yi shiru, ba mu ce amin ba. Sun sani, mun san sun sani, kuma ba a taɓa kawo mana wannan a kan abinci ba. Fasto zai yi wa'azinsa ga jama'arsa, ba zai karkato da shi kanmu don ya ga mun shigo hannu ba.

Sai batun ci. Kafin mu tambaya, wata tsohuwa za ta matso ta rage murya ta ce, “Ku ci da kwanciyar rai, ɗana. Mahaucin garinku muka kira ya yanka.” Haka al'adar take a yawancin bukukuwansu, akuya ko sa, Musulmi ake nema ya sa wuƙa, domin kada maƙwabci ya zo ya koma da yunwa. Idan rana ta karkata kuma, ba sai mun yi ta waige-waige ba. Wani yaro zai zo da buta cike da ruwa da sabuwar tabarma, ya kai mu wani wuri mai tsabta a bayan gida, ya nuna mana gabas. A gidajen Kirista da yawa na yankin nan akwai buta da tabarmar da ba a taɓa su sai irin wannan rana. Mutumin da ba ya salla ya sayi buta da kuɗinsa ya ajiye saboda sallarka. Mun daɗe muna juya wannan abu a zuciya.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. Naman layya yana ƙetara burtali zuwa gidajensu, shinkafar Kirsimeti tana ƙetarowa zuwa namu. In an yi mana rasuwa suna zuwa su zauna a kan tabarmar makoki, su yi shiru lokacin da ake fatiha, kamar yadda muke yi a wurinsu. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar nan ta daɗe tana tafiya ta ɓangarorin biyu.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne muna ganin abubuwa biyu suna zaizayewa lokaci guda. Na farko ginin kansa. Cocin laka yana son yaɓe duk shekara kafin damina, yana son makuba daga kwasfar ɗorawa, yana son wanda ya san yadda ake gyaran indararo. Samari sun tafi birni, giginya ta yi wuya, maginan da suka iya bakan gizo sun tsufa, 'ya'yansu sun koma aikin bulo. Ikilisiyar da ta sami ɗan hali sai ta rushe na laka ta ɗora na siminti da silin roba da tagogin gilashi. Ba mu ga laifinsu ba, masallatanmu ma haka muka yi musu, kuma wanda ya kwana yana tare ɗigon ruwa da kwano shi ya san daɗin kwanon rufi. Sai dai in Maris ya yi, zafi ya sauko, kowa a cikin sabon ginin yana fifita da takarda yana tuna tsohon.

Na biyu ya fi ciwo. A Kano, wanda ya je Sabon Gari ya dubi manyan majami'u irin su Holy Trinity ta Anglika ko Our Lady of Fatima ta Katolika, kafin ya ga gini sai ya ga katanga da ƙofar ƙarfe. Ba haka kawai aka yi su ba. Birnin ya ga tarzomar Oktoban 1991, ya ga ta bayan zaɓen 2011, ya kuma ga harin da aka kai wa masu ibada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ranar 29 ga Afrilu, 2012. Masallatai ma sun sha nasu, Babban Masallacin Juma'a na Kano ya ga jini a Nuwamban 2014. Tun daga lokacin, a wurare da dama, baƙon da a da ake tara da ruwan sha sai an fara shafa jikinsa da na'ura. Wannan tsoro yana biyo hanyar Gwarzo a hankali, a cikin wayoyin 'ya'yanmu. Yaron da bai taɓa zama a tabarmar maƙwabcinsa ba yana kallon bidiyon wani mai zagi daga wata jiha, ya ɗauka haka kowa yake. Mun ji yaranmu suna tambaya wai dama akwai Bahaushe Kirista, alhali da jikan wannan Bahaushen suke zama aji ɗaya. Su ma maƙwabtan suna da nasu ƙorafin, na wahalar samun fili ko izinin gini, da na yadda ake yi musu kallon baƙi a ƙasar da aka binne cibiyar kakanninsu. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ba fatawa muke bayarwa ba. Malamai sun yi maganganu mabambanta game da shigar Musulmi coci, kowa ya tambayi malaminsa ya bi abin da ya natsu da shi. Amma haƙƙin maƙwabci babu saɓani a kansa, kuma tarihinmu ba ya rasa abin koyi. Sahabban farko da aka matsa wa a Makka, wurin Najjashi, sarkin Kirista na Habasha, suka sami mafaka. Littattafan sira sun kawo cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya karɓi tawagar Kiristocin Najran a masallacinsa na Madina. Sayyidina Umar, da ya karɓi birnin Ƙudus, an ruwaito ya ƙi yin salla a cikin babban cocin garin don kada na baya su mayar da shi masallaci, kuma har yau iyalai biyu Musulmi ne suke riƙe da mabuɗin wannan coci suna buɗe ƙofarsa. Aya ta 40 a Suratul Hajji ta ambaci wuraren ibadar Kirista da na Yahudu tare da masallatai a cikin abin da Allah yake karewa daga rushewa. A zamaninmu ma, a watan Yunin 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye mutum fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su.

Yawancinmu ba za a jarrabe mu da irin jarrabawar wannan limami ba, Allah ya kiyaye. Tamu ƙarama ce: katin biki ya zo daga unguwar da ke bayan rafi, a je ko kada a je, a tafi da yara ko a bar su a gida. Mu dai mun yanke cewa za mu riƙa tafiya da su. Su ga ɗakin da idonsu, su ji an kira ubansu “ɗana”, su karɓi butar daga hannun sa'ansu su yi alwala. In sun girma suka ji wani yana ba da labarin mutanen nan daga nesa, suna da abin da za su auna maganarsa da shi.

Ga masu tsofaffin cocin laka kuma, muna da roƙo irin na maƙwabci. In Allah ya hore kuka tashi gina sabo, ku gina shi a gefe, ku bar tsohon a tsaye ko don karatun yara. Ku ɗauki hotonsa ciki da waje, ku rubuta sunayen waɗanda suka ɗora tubalinsa tun masu tunawa suna raye. Haka mu ma ya kamata mu yi wa sauran masallatan laka da suka rage mana. Har yanzu akwai tsofaffin magina a ƙasar Gwarzo da Kabo da Ƙaraye da suka san yadda ake jiƙa makuba da ɗaurin azara, kuma babu wanda ya taɓa jin sun tambayi addinin bango kafin su yaɓe shi. A nemo su kafin damina, a haɗa su da samari biyu ko uku daga kowane ɓangare, a biya su haƙƙinsu.